Motar da ba a gama gyara ba: yadda Zongo ya koyi yi mata kuɗi

Duk wanda ya ratsa lungunan Asawase, ko Aboabo, ko Sabon Zongo, ba zai rasa ganin irinta ba: tsohuwar mota ɗore a kan bulo, an kwance tayoyinta, an rufe gabanta da tsohon tamfol, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Wata Bedford ce mai bodin katako, wata Peugeot 404 ko 504, wata kuma Benz ta zamanin da. In ka tambaya, amsar kusan iri ɗaya ce. Maigidan ya fara gyaranta, an sauke inji, an sayi wasu kaya, sai kuɗi ya yanke, ko ciwo ya kwantar da shi, ko rai ya yi halinsa. Yanzu magada sun zauna, mai sayen ƙarafa ya taya, wannan ɗa ya ce albarka, wancan ya ce a sallama. Abin da ke raba kan 'yan'uwa shi ne sanin kuɗin motar da ba ta tashi, alhali kuwa ba ta mutu ba.

Wannan tambaya ta daɗe a Zongo, kusan tun zuwan mota kanta. Tarihinmu ya amsa ta sau da yawa, kuma amsar ba ta cika yi wa mai sayarwa daɗi ba: abin da aka kashe wa mota a baya ba shi ne kuɗinta ba. Abubuwan da ke yanke mata kuɗi su ne aikin da ya rage, da takardunta, da halin da kasuwa take ciki, da kuma lokacin da mai ita yake da shi kafin ya sallama.

Kakanninmu da jaki suka zo, ba da mota ba. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato, suna tsayawa a Salga, domin sarakunan Asante ba su cika barin baƙin 'yan kasuwa su shiga dajin goro ba. Yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa 'yan kasuwar zuwa garuruwa irin su Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Bayan Turawan Ingila sun shiga Kumasi a 1896, sannan aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sai hanya ta buɗe, Zongon Kumasi ya cika. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903. Zuwa shekarun 1920 lori ta fara bin hanyar arewa zuwa Tamale, tana ƙetare kogi a jirgin fito a Yeji, kuma tafiyar da jaki ke yi cikin makonni ta koma ta kwanaki. Daga nan maigidan da ke saukar fatake ya gane cewa wanda ke da lori shi ke da hanya.

Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, lorin wancan zamani ba ta zuwa a gama. Kamfanonin Turawa suna shigo da shasi da inji da gaban mota ne kawai, kafintocin gari su gina mata bodi da katako, su jera benci, mai fenti ya rubuta mata take a goshi. Kamfanin Vauxhall na Ingila ya fara ƙera Bedford a 1931, kuma samfurin TJ da ya fito a 1958 ya zama jakin hanyoyin Afirka ta Yamma. Saboda haka tun farko an saba yi wa lori kuɗi kashi biyu, na ƙarfe daban, na katako daban. Katako yana ruɓewa a sāke shi sau biyu ko uku, shasi na nan. Tsofaffin direbobi shi ya sa in za su duba mota sai su durƙusa su leƙa ƙarƙashinta tun kafin su kalli fentinta.

Wurin da wannan ilimi ya taru shi ne Magazin. Sunan ya samo asali daga ma'ajiyar makamai ta sojan mulkin mallaka, wadda makanikai suka fara taruwa kusa da ita a shekarun 1930, kafin daga baya a mayar da su Suame, inda sunan ya bi su. Yau wurin yana cikin manyan matattarar masu gyaran mota da ƙere-ƙeren ƙarfe a Afirka, dubban shaguna, kowanne da mastansa da yaransa. A Magazin babu motar da ake ɗauka a matsayin abu guda. Idon fita yana ganin inji, da giya, da aksul, da sifirin, da radiyeta, kowanne da kuɗinsa da mai nemansa. Wanda ya kai mota rabin gyara wurin, to ya sani a guntu-guntu ake lissafa ta, ko da a dunƙule za a saya.

Darasi mafi ɗaci a kan farashi ya zo ne a ranar 18 ga Nuwamba, 1969, lokacin da gwamnatin Kofi Abrefa Busia ta fitar da dokar baƙi, ta ba duk wanda ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar ƙasar. Dubban mutane suka tashi zuwa Nijeriya da Nijar da Togo da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu, har da waɗanda a nan aka haife su. Unguwannin Zongo na cikin wuraren da abin ya fi taɓawa. An sayar da gidaje da shaguna da gonakin koko a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. A irin wannan rana lori mai tafiya tana da daraja, domin ita za ta kwashi iyali da kaya zuwa kan iyaka. Wadda injinta ke zube a gareji kuwa, ko saura aikin mako uku a gama ta, mai ita ba shi da mako ukun, mai saye kuma ya san haka. Ƙarfe bai canza ba, wa'adi ne ya cinye kuɗin. Duk magajin da ke son a sallama yau domin a raba gobe, ya kamata ya tuna da wannan.

Doka ma tana taɓa farashi. A ranar 4 ga Agusta, 1974, a mulkin Acheampong, Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, bayan Nijeriya ta riga ta yin haka a 1972. Motocin Ingila masu sitiyari a dama sun ci gaba da aiki, amma daga ranar mai saye ya sami sabuwar tambaya, kuma har yau dokar kwastan ta hana shigo da mota mai sitiyari a dama sai da izini na musamman.

Sai kuma kasuwa ta juya, ta ɗaga darajar tsohuwar mota sama. Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa farkon 1980, zamanin kalabule, kuɗin waje ya yi ƙaranci, sabuwar mota da kayan gyara suka zama sai wane da wane. A lokacin ne Magazin ya bunƙasa, ana haɗa mota ɗaya daga gawar biyu ko uku, ana ƙera abin da ba a samu a kanti. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, wadda ta kafa cibiyar ba da shawara kan fasaha a 1972, ta buɗe reshe a cikin Suame a farkon shekarun 1980 domin taimaka wa masu wannan aiki. A waɗannan shekaru motar da ke kan bulo taska ce, mai ita shi ake bi. Bayan gwamnatin Rawlings ta fara shirin farfaɗo da tattalin arziki a 1983, aka sassauta shigo da kaya, motocin hom-yus daga Turai suka riƙa sauka a tashar Tema, sai wanda ke da kuɗin gama tsohuwar Peugeot ya ga cewa da kuɗin zai sayi wadda ke tafiya. Motoci da yawa da muke gani a lungu yau, a wannan juyi aka bar su.

Kuɗin kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Sidi ya maye gurbin fam a 1965, aka sāke shi a 1967, sannan a 2007 aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabon sidi 1. Idan magada suka fito da littafin da marigayi ya rubuta miliyoyin da ya kashe wa mota a 1998, wannan shaida ce ta ƙoƙarinsa, amma mai saye ba zai biya ta ba. Shi gaba yake kallo, yana lissafin abin da zai fita daga aljihunsa kafin mota ta hau titi.

To, yaya za a yi mata kuɗi? Tarihin nan ya bar mana farashi uku. Na ƙasa shi ne na masu sayen kwandam, waɗanda ke auna ƙarfe a sikeli. Na tsakiya shi ne abin da kayanta za su kawo in an sayar da su ɗaya-ɗaya a Magazin. Na sama shi ne kuɗin irinta mai tafiya, a cire kuɗin aikin da ya rage, a kuma cire wani abu saboda kasadar da mai saye ya ɗauka. A misali, a ƙaddara irinta mai lafiya tana kai sidi 60,000, makanike kuma ya ƙiyasta sauran aiki a 35,000. Ba za a sami mai ba da 25,000 cif ba, domin ya san in aka buɗe inji za a ga abin da ba a zata ba. Mai yiwuwa ya tsaya a 15,000. Idan kayanta a rarrabe sun fi haka, magada sun san inda za su nufa.

Kafin a kai ga lissafi, akwai abubuwan da ake dubawa bi da bi. Na farko takardu: sunan wa ke rajistar hukumar DVLA, kuma lambar shasi ta yi daidai da ta takarda? Motar da ba za a iya canza mata suna ba, ta faɗa farashin kayan gyara komai kyanta. Na biyu tsatsa, musamman a shasi da daɓen ƙasa, domin damina biyu ta Kumasi ba ta raga wa ƙarfen da ke zaune. Na uku inji: yana juyawa da hannu ko ya kafe? Na huɗu cikar kaya, gilashi da fitilu da ƙananan ƙarafan ado, waɗanda sau da yawa sun fi inji wuyar samu. A tattara duk abin da aka kwance wuri ɗaya, a rubuta shi, a je garejin da aka fara aikin a karɓo wanda ke can, a biya bashin makanike in akwai. Mai saye ba ya cinikin biri a sama.

Kada kuma a ruɗu a yi mata fenti domin a ja ido. Mai sani yana zargin sabon fenti a kan tsohuwar mota, yana ɗauka tsatsa aka rufe. Malamanmu da suka karantar da babin ciniki a Risala sun sha nanata cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin mayar da ita in ya gano. A kira makanikai biyu waɗanda ba su da niyyar saye su ƙiyasta, a sa dillali amintacce, a yanke la'adarsa tun farko a gaban dukan magada, mata da maza.

Akwai daraja ta huɗu wadda sikeli ba ya aunawa. An daɗe da daina ƙera manyan motocin Bedford. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka riƙa haɗa ta a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, ita ma an daina ta a tsakiyar shekarun 2000. Duk wadda aka yanka, ba za a sami madadinta ba. Masu tara tsofaffin motoci sukan fi son wadda ke da kayanta na asali da tarihinta a rubuce, don haka kafin a kira mai sikeli ya kamata a ɗauki hotunanta a nuna a intanet, a ba abin wata biyu ko uku.

Ko da a ƙarshe sayarwa ce ta fi, kuma sau da yawa ita ce ta fi, domin marayu sun fi ƙarfe buƙata, to kada a sayar da labarin tare da ita. A ɗauki hoton taken da ke goshinta, a adana lasisin direba da littafin lodi, a zauna da tsohon yaron motar in yana raye, ya faɗi garuruwan da ta kai goro da shekarar da ta fara ƙetare Yeji. Wannan aikin yini ɗaya ne, kuma sai an yi shi kafin ranar da za a zo da mashin ɗin yanka ƙarfe.