Makamashi Ba Ya Ɓacewa: Darasi Daga Ƙonni, Malbaza da Illela

Darasinmu na yau a kan makamashi ne. Makamashi shi ne ƙarfin da ke sa abu ya motsa, ko ya yi zafi, ko ya ba da haske. Ba a ganinsa da ido, amma ana ganin aikinsa.

Mu koma zamanin kakanninmu. A ƙasar Ƙonni da Adar, ƙarfin aiki yana fitowa ne daga jikin mutum, da dabba, da itace. Manomi ya ci tuwo ya ɗauki hauya. Sa ya ci ciyawa ya ja guga. Uwargida ta hura itace ta dafa abinci. To, ina hatsi da ciyawa da itace suka samo wannan ƙarfi? Daga rana. Tsiro yana shan hasken rana ya ajiye shi a jikinsa. Ashe wutar murhunka rana ce da aka ajiye.

Wajen shekarar 1845, wani masani a Ingila mai suna Jems Jul ya yi gwaji. Ya ɗaura abu mai nauyi da igiya, ya bar shi ya sauko. Igiyar ta juya wasu fikafikai cikin tukunyar ruwa. Da ya auna, sai ya ga ruwan ya ƙara ɗumi. Ya maimaita sau da yawa, ya ga kullum adadin aiki ɗaya yana ba da adadin zafi ɗaya. Daga aikinsa da na wasu masana aka gane wannan doka: ɗan Adam ba ya ƙirƙirar makamashi, ba ya kuma iya ɓatar da shi. Kama kawai yake sakewa.

Yanzu dubi ƙasarmu, za ka ga dokar tana aiki.

A shekarun 1960, bayan samun mulkin kai, aka kafa masana'antar siminti a Malbaza. Ana fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa, a gasa shi a tanda mai zafin da ya kai awo 1450. Ruwa kuwa a awo 100 yake tafasa. Wannan zafi mai yawa daga abin da ake ƙonawa yake fitowa. Ƙarfin da ke ɓoye ne ya koma zafi.

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, zamanin Seyni Kunce, aka tare ruwan Majiya a Mozage da Zango. Ruwan da aka tare a sama yana da ƙarfi a ajiye. In an buɗe ƙofa, sai ya gangaro da kansa ta babbar hanyar ruwa zuwa Cerasa, daga nan ya shiga gonakin Ƙonni. Ƙarfin tsawo ne ya koma motsi.

Shi kuwa Farfesa Abdu Mumuni Jofo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, tun 1969 ya shugabanci ma'aikatar binciken ƙarfin rana a Yamai. Can aka ƙera tukwanen dafuwa da na ɗumama ruwa masu aiki da rana. Ya rasu a 1991. A 2018 aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana a Malbaza, mai ƙarfin megawat 7. Haske ne ya koma lantarki.

Za ka ce: in makamashi ba ya ɓacewa, don me ake cewa mu yi tattalinsa? Tambaya ce mai kyau. Dubi murhu mai duwatsu uku. Kaɗan ne daga cikin zafin itacen ke shiga tukunya. Mafi yawa iska ke kwashewa. Zafin bai ɓace ba, yana nan cikin iska, amma ba mai iya tattaro shi ya sake dafa tuwo da shi. Kamar ruwa ne da ya zube a yashi.

Shi ya sa a shekarun 1980 aka yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi, wanda ke tsare wuta kusa da tukunya. Tambayi tsofaffin Illela da Badagishiri, za su gaya maka yadda hanyar neman itace ta yi nisa bayan farin 1973 da na 1984. Itacen da ya shekara goma yana shan rana, kwana kaɗan ake yi a ƙone shi.

Saboda haka, a kare murhu daga iska. A rufe tukunya da marfi. A kashe wuta in an gama dafuwa. Wanda ya sare itace ɗaya, ya dasa wani.

Kafin darasi mai zuwa, ɗauki allonka ka rubuta abubuwa uku na gidanku masu aiki da makamashi, da inda kowanne ya samo shi. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.