Yadda Ake Lissafin Faɗin Fuskokin Firizim Mai Alwatika

Firizim mai alwatika siffa ce mai fuskoki 5: alwatika 2 masu girma ɗaya a ƙarshensa biyu, da fuskoki 3 masu kusurwa huɗu da suka haɗa su. A ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, da shagunan ajiyar hatsi na kasuwar Dawanau da ke Dawakin Tofa, ana ganin wannan siffa a rufin kwano mai gangara biyu.

Tushe da fuskoki

A ilimin lissafi, alwatikar ita ce tushen firizim, ko da ba a kanta ginin yake zaune ba. A rufin ɗaki, tushen shi ne bangon nan mai tsini da ke gaba da baya. Sauran fuskokin su ne gangaren kwano 2 da shimfiɗar silin.

Faɗin tushe

Ana ninka gindin alwatika da tsayinta, a raba 2. Tsayin da ake nufi shi ne na miƙe, daga saman bango zuwa ƙololuwar rufi, ba tsawon gangare ba. A ɗauki ɗakin ajiya mai faɗin mita 8, da tsawon mita 12, wanda ƙololuwarsa ta ɗara bango da mita 3. Faɗin alwatika ɗaya shi ne 8 × 3 ÷ 2, wato murabba'in mita 12. Biyun sun ba da 24. Da wannan adadi magini ke ƙiyasta bulo da filasta.

Faɗin fuskoki

Kowace fuska ana ninka gefen alwatikar da take kai da tsawon ginin. Silin: 8 × 12 = 96. Tsawon gangare kuwa, ana auna shi da tef, ko a fitar da shi da ƙa'idar Fisagoras. Rabin faɗin ɗakin mita 4 ne, tsayi 3. Sai a ninka kowanne da kansa a tara: 16 + 9 = 25. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da 25 ita ce 5. Don haka kowane gangare 5 × 12 = 60, biyun 120. Jimillar fuskoki 5 ita ce 24 + 96 + 120 = 240.

Amfaninsa ga mai gini

Wanda ya sayi kwano bisa faɗin daɓen ɗaki zai tanadi na murabba'in mita 96, alhali rufin na buƙatar 120. Idan falle ɗaya yana rufe murabba'in mita 1 bayan an ɗora shi a kan ɗan'uwansa, giɓin ya kai falle 24, fiye da bandir guda mai falle 20. Ban da wannan, sai an ƙara bakin kwanon da ke zarce bango don kare shi daga ruwa. Aikin da ya tsaya rabi a bakin damina na iya jiƙa gero da dawar shekara guda, shi ya sa ya dace a kammala lissafi kafin a shiga kasuwa.