Biyan kuɗin aikin nema da ceto

Biyan kuɗin aikin nema da ceto tsari ne da ake ɗora wa wanda aka ceto, ko wanda ya jawo aka fita nemansa, nauyin biyan duka ko wani kaso na abin da aka kashe. A yawancin ƙasashen duniya ceton rai kyauta ne: ko dai gwamnati ta ɗauki nauyinsa daga kuɗin haraji, ko ƙungiyoyin 'yan sa-kai su yi shi da gudummawar jama'a. Sai dai wasu jihohi da yankuna a Amurka, Turai da Asiya sun kafa dokokin da ke ba su damar neman a mayar musu da kuɗinsu idan an ga aikin bai zama dole ba, ko kuma mutum ne ya jefa kansa cikin haɗari da hannunsa. Muhawarar ta fi shafar masu hawan tsaunuka, masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, da masu tafiyar kasada a teku.

Abin da ake nufi da aikin da bai zama dole ba

Ana amfani da wannan lafazi ga abubuwa huɗu da ba iri ɗaya ba. Na farko shi ne ƙarya da gangan, wato mutum ya kira neman agaji alhali ya san babu wanda ke cikin haɗari. Na biyu ganganci, wato mutum ya san haɗarin sarai amma ya shiga, kamar wanda ya ƙetare shingen da aka rufe hanya da shi. Na uku sakaci, wato mutum ya kasa yin shirin da mai hankali zai yi, kamar hawan tsauni da yamma ba tare da fitila ko rigar sanyi ba. Na huɗu kuskure ne kawai, kamar iyali su kai rahoton ɓatan wanda ya makara a hanya, ko na'urar aika siginar neman agaji ta tashi ba da niyya ba.

Kusan babu saɓani kan na farko, domin laifi ne a dokokin ƙasashe da dama. Haka kuma ba kasafai ake neman kuɗi kan na huɗu ba. Gardamar tana kan na biyu da na uku ne, musamman wajen gane inda sakaci ya ƙare ganganci ya fara, da kuma wanda ke da hurumin yanke wannan hukunci.

A teku

Taimakon wanda ke cikin haɗari a teku tsohuwar al'ada ce ta matuƙan jiragen ruwa, wadda daga baya ta shiga dokokin ƙasa da ƙasa. Yarjejeniyar kare rayuka a teku ta SOLAS, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar jirgin Titanic, da yarjejeniyar nema da ceto da aka amince da ita a birnin Hamburg a 1979, da sashe na 98 na yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982, duk sun wajabta kai agaji. Yarjejeniyar ceton dukiya a teku ta 1989 kuma ta nuna cewa ba a bin wanda aka ceci ransa lada, ko da yake ta bar wa kowace ƙasa damar yin tata dokar. Saboda haka ake raba ceton rai da ceton dukiya. A Faransa, ƙungiyar SNSM tana ceton mutane kyauta, amma tana karɓar kuɗi idan ta janyo jirgin mutum zuwa gaɓa.

Manyan ayyukan ceto sun sha tayar da maganar kuɗi. A watan Janairu 1997 jirgin ruwan Tony Bullimore, ɗan Birtaniya, ya kife a tekun da ke kudu da Ostareliya yayin gasar Vendée Globe ta zagaya duniya. Jirgin yaƙin Ostareliya mai suna HMAS Adelaide ya ceto shi bayan ya yi kwana huɗu a cikin kifaffen jirgin. 'Yan ƙasar da yawa sun yi ƙorafin kuɗin da aka kashe, amma gwamnati ta ɗauke shi a matsayin nauyin da yarjejeniyoyin suka ɗora mata. Maganar ta sake tasowa a watan Yuni 2023, lokacin da ƙaramin jirgin nutso na Titan, mallakar kamfanin OceanGate, ya ɓace da mutum biyar a hanyarsa ta zuwa tarkacen Titanic. Jiragen sama da na ruwa daga Amurka, Kanada da Faransa sun yi kwanaki suna nema kafin a gano cewa jirgin ya tarwatse, kuma duk mutanen sun mutu.

Amurka

Dokar tarayyar Amurka ta hana dakarun tsaron gaɓar teku karɓar kuɗi don aikin nema ko ceto. Hukumar kula da gandun dajin ƙasa ma ba ta cajin waɗanda ta ceto. Wani bincike da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa daga 1992 zuwa 2007 an yi ayyukan nema da ceto 65,439 a waɗannan gandaye, waɗanda suka shafi mutum 78,488. An kashe fiye da dala miliyan 58, wato kimanin dala 895 a kowane aiki.

A matakin jihohi kuwa al'amarin ya bambanta. Hawaii, Idaho, Maine, Oregon, Utah da Vermont suna da dokokin da ke ba da damar neman kuɗi a wasu yanayi, amma ba su cika amfani da su ba. Dokar Oregon ta iyakance abin da za a karɓa ga dala 500 a kan mutum ɗaya. Arizona tana da dokar 1995 da ke cewa direban da ya kauce wa shinge ya shiga hanyar da ambaliya ta rufe zai iya biyan kuɗin cetonsa har dala 2,000.

Jihar New Hampshire ce ta fi shahara a wannan fanni. Da farko dokarta ta shafi mai ganganci ne kawai, amma a 2008 aka sassauta sharaɗin zuwa sakaci, wanda ya fi sauƙin tabbatarwa. Sauya kalma ɗaya tak ya faɗaɗa adadin waɗanda za a iya bi bashi. Dokar ta kuma ba da damar dakatar da lasisin tuƙin wanda ya ƙi biya. A watan Afrilu 2009 wani matashi ɗan shekara 17 ya yi kwana uku a tsaunin Washington bayan ya gurɗe a idon sawu ya bar hanyar da aka shata. Jihar ta nemi ya biya fiye da dala 25,000, abin da ya jawo mata suka sosai, har ta janye buƙatar a 2010. A 2015 kuwa kotun ƙolin jihar ta tabbatar da bashin fiye da dala 9,000 a kan wani mutumin Michigan da ya fita tafiyar kwanaki shi kaɗai a tsaunuka a 2012, duk da cewa ƙugunsa, wanda aka yi wa aikin dashe, ya sha gocewa a baya, kuma ya sake gocewa a hanya.

Turai

A Birtaniya ba a karɓar kuɗin ceto. Ƙungiyar RNLI, wadda aka kafa a 1824, tana aikin ceto a teku da gudummawar jama'a, kuma ƙungiyoyin ceto a tsaunuka na 'yan sa-kai ne.

A Faransa ana danganta ƙa'idar ceto kyauta ga wata dokar sarauta ta 1733. Dokar tsaunuka ta 1985 ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar kuɗi daga waɗanda suka yi haɗari a wasan zamiya, sannan wata doka ta 2002 ta faɗaɗa damar zuwa sauran wasanni da harkokin shaƙatawa. A aikace an fi karɓar kuɗin a filayen wasan zamiya, yayin da ceton da jandarmomin tsaunuka ke yi ya kasance kyauta.

A Suwizalan da Ostiriya ana aika wa wanda aka ceto takardar biya ko da bai yi laifin komai ba, don haka mutane ke dogaro da inshora ko rajista da wata ƙungiya. Ƙungiyar Rega ta Suwizalan, wadda aka kafa a 1952 kuma take ceto da jirage masu saukar ungulu, tana da magoya baya fiye da miliyan uku da ke ba ta gudummawa duk shekara, kuma takan yafe musu kuɗin da inshorarsu ba ta biya ba. Wasu yankunan arewacin Italiya, kamar Veneto da Valle d'Aosta, suna cajin wanda aka ɗauko da jirgi alhali bai ji rauni ba. Yankin Kataloniya na Sifaniya ya fara cajin masu sakaci a 2009.

Asiya

A Japan, lardin Saitama ne ya fara karɓar kuɗin ceto da jirgi mai saukar ungulu a wasu tsaunukansa, a watan Janairu 2018, kan yen 5,000 ga kowane minti biyar. A watan Afrilu 2025 an ceto wani ɗalibi sau biyu cikin mako guda a tsaunin Fuji, a lokacin da ba a buɗe hawansa ba. Ya koma karo na biyu ne don ɗauko wayarsa da sauran kayan da ya bari. Wannan ya sa lardunan Shizuoka da Yamanashi suka fara nazarin karɓar kuɗi. A ƙasar Sin, dokar yawon buɗe ido ta 2013 ta ce ɗan yawon da aka ceto zai biya kason da ya rataya a wuyansa, kuma hukumar tsaunin Huangshan ta kafa tsarin ceto na kuɗi a 2018 ga masu shiga wuraren da aka hana.

Nepal ta fuskanci matsalar ta wata fuskar daban. A 2018 wani binciken gwamnati ya gano cewa wasu kamfanonin yawon buɗe ido, na jiragen sama da asibitoci suna haɗa baki wajen kwaso 'yan yawo da ba su da wani ciwo mai tsanani, domin su karɓi kuɗin inshora. A nan biyan kuɗin ne da kansa ya haifar da ceton da bai zama dole ba.

Ƙarya da gangan

A Amurka aika saƙon neman agaji na ƙarya ga dakarun tsaron gaɓar teku babban laifi ne da ke jawo ɗauri, tara, da biyan duk abin da aka kashe. Ɗaya daga cikin sanannun misalan ƙarya a kan tudu ya faru ranar 15 ga Oktoba 2009 a garin Fort Collins na jihar Colorado, inda wasu iyaye suka ce wani babban balan-balan ya tashi da ɗansu mai shekara shida. An bi balan-balan ɗin da jirage, daga baya aka sami yaron a gida. Kotu ta yanke wa uban ɗaurin kwana 90, uwar kwana 20, tare da biyan diyyar kimanin dala 36,000. Gwamna Jared Polis ya yi musu afuwa a watan Disamba 2020.

Hujjojin masu goyon baya

Masu goyon bayan karɓar kuɗi suna cewa bai dace mai biyan haraji ya ɗauki nauyin kasadar da wani ya zaɓa wa kansa don nishaɗi ba. Suna kuma cewa sanin za a biya zai sa mutane su yi shiri kafin su fita. Hujja ta uku ita ce kowace fita tana jefa masu ceto cikin haɗari, kuma jirgin da ya tafi ɗauko wanda gajiya kawai ta kama ba zai samu zuwa wurin mai mummunan rauni a daidai lokacin ba. Akwai kuma ƙarancin kuɗi: ƙananan hukumomin da tsaunuka ke yankinsu galibi ba su da yawan jama'a, amma su ke ceton baƙi daga ko'ina.

Hujjojin masu adawa

Manyan ƙungiyoyin masu ceto na Amurka, wato NASAR da ƙungiyar ceto a tsaunuka ta MRA wadda aka kafa a 1959, suna adawa da karɓar kuɗi. Babbar hujjarsu ita ce tsoron bashi yana sa mutum ya jinkirta neman taimako. Wanda zai kira da rana, a ɗauko shi cikin sauƙi, sai ya jira har dare ya yi, sanyi ya ƙaru, batirin wayarsa ya mutu. Daga nan aikin ya fi tsada, ya fi haɗari ga kowa. Wani ma yakan ɓuya wa masu nemansa, ko 'yan'uwansa su fita nema da kansu su ma su maƙale.

Suna ƙara da cewa ba a cajin wanda gidansa ya kama da wuta saboda ya manta tukunya a kan murhu, don haka babu dalilin ware mai hawan tsauni. Tabbatar da sakaci kuma yana da wuya, domin bayan abu ya faru kowane kuskure yakan fito fili, kuma shari'ar kan cinye fiye da abin da za a karɓo. Haka nan tsarin ya fi danne talaka, tun da mai hali zai biya bai ji a jikinsa ba. A ƙarshe, akasarin aikin 'yan sa-kai ne ke yin sa ba tare da albashi ba, sojojin da ke ba da jirage kuma sukan lissafa sa'o'in cikin atisayensu.

Hanyoyin tsaka-tsaki

Wurare da dama sun nemi mafita tsakanin ɓangarorin biyu. A 2015 New Hampshire ta fito da katin Hike Safe, kan dala 25 ga mutum ɗaya da dala 35 ga iyali a shekara. Mai katin ba ya biyan kuɗin ceto idan sakaci ya yi, amma katin ba ya kare mai ganganci. Colorado tana da katin CORSAR, wanda ba inshora ba ne: kuɗinsa yana shiga asusun da ake mayar wa ƙungiyoyin ceto abin da suka kashe. Sauran hanyoyin sun haɗa da iyakance abin da za a karɓa, kamar yadda Oregon ta yi, da wajabta inshora ga masu hawan manyan tsaunuka, da kuma cin tarar wanda ya keta dokar shiga wurin da aka rufe, ta yadda hukuncin zai kasance na keta dokar, ceton kuwa ya zauna kyauta.