Asalin Tausa da Gashi a Ƙasar Illela

Duk wanda ya taɓa kwana a Tozai, ko wani ƙauye daga ƙauyukan ƙasar Illela da ke maƙwabtaka da Birnin Ƙwanni, a tsakiyar damina lokacin da noman gero ya kai ga maimai, lalle ya ga yadda dattijo yakan shimfiɗa tabarma bayan sallar lisha, ya kwanta rub da ciki, ya kira ƙaramin jikansa ya ce ya hau ya taka masa baya, yaron yana dafe da bango yana tafiya sannu daga kafaɗa zuwa ƙugu, har tsohon ya yi ajiyar zuciya ya ce Allah ya yi albarka. Babu mai kiran wannan magani, babu kuma ladan da ake biya face albarkar nan, alhali kuwa ɗan'uwan abin da a yau ake gina wa ɗakuna a asibiti ne. Ni kaina na taka bayan kakata ba sau ɗaya ba, kuma a lokacin ɗauka nake wahalar da ni kawai take yi.

Bahaushe bai mai da tausa sana'a mai zaman kanta ba, kamar yadda ya yi wa ƙira ko jima ko dukanci, sai ya rarraba ta a hannuwan ungozoma da wanzami da maɗori, waɗanda fahimta guda ta haɗa game da ɗabi'ar jikin ɗan Adam: cewa sanyi abokin gaba ne mai shiga ta kowace kafa ya laɓe a gaɓoɓi, kuma jini idan ya tsaya wuri ɗaya mutuwa yake yi ya zama cuta. Wanda ya riƙe wannan asali ba zai yi mamaki ba idan ya ga dukkan dabarun sun koma ga ɗumama jiki, da motsa jini, da fitar da wanda ya mutu.

A hannun ungozoma al'amarin ya fi tsanani, domin babu wanda ake ji wa tsoron sanyi kamar mai jego. Safe da yamma, har kwana arba'in, a haihuwar fari ma akan zarce, ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a riƙa fyaɗa mata a jiki, a gasa mata ciki da baya, a dama mata kunun kanwa, sa'an nan ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Jinjiri kuwa, bayan an yi masa wanka, sai tsohuwa ta ɗora shi bisa cinya ta shafe shi da man shanu ko man kaɗanya, ta miƙe masa hannuwa da ƙafafu, ta murza masa ƙirji da gadon baya. Abin lura a nan shi ne ganyen dogon yaro, wanda matan yau suke ɗauka gadon kaka da kakanni ne a wankan jego, baƙo ne, domin itacen asalinsa na ƙasar Hindu ne, kuma sai a shekarar 1928 aka fara dasa shi a Barno, daga baya ya cika ƙasar Sakkwato. Kafin zuwansa da ganyen tsamiya da na runhu da makamantansu ake yi.

Wanzami shi ne wanda addini ya ɗaukaka darajar aikinsa. Masana harshe suna ganin sunan nasa ma daga kalmar Larabci ta hajjam ya samo asali, ya ratso ta bakin mutanen hamada kafin ya iso gare mu, abin da ba zai zama baƙo ga mutanen wannan yanki ba, waɗanda ayarin Azbinawa ya daɗe yana ratsa ƙasarsu da gishiri da dabino. Ya tabbata a cikin ingantattun hadisai cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ƙaho, kuma an ba shi ladan aikinsa, daga nan fuƙaha'u suka kafa hujjar halaccin sana'ar da ijararta. An kuma ruwaito fifita ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci. Saboda haka idan wanzami ya buɗe zabirarsa a inuwa, ya jiƙa bayan mutum, ya kafa ƙahon saniya ya zuƙe iskar ya liƙe hujin, ya jira fata ta tasa kafin ya tsattsaga da aska ya mayar da ƙahon, to al'ada yake yi da sunna a lokaci guda, kuma da wuya shi ko wanda ake yi wa ya iya raba maka su.

Shugabannin jihadi ba su ƙyale fannin ɗibbu ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Masalihul Insan, inda ya gwama maslahar addini da ta jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya riƙe mulki daga 1817 har wafatinsa a Wurno a 1837, duk da yaƙe-yaƙe da gina ribaɗoɗi, ya sami sukunin rubuta risaloli a kan ciwon ido da basir da sauran cututtuka, galibi bisa tafarkin ɗibbun Nabiyyi. A can gabas kuma, ƙarni takwas kafin su, Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe wa tausa fasali a cikin Alƙanun, ya kira ta dalku, ya bambanta mai ƙarfi da ke ƙarfafa gaɓa da mai taushi da ke sassauta ta, da wadda ake yi kafin motsa jiki da wadda ake yi da mai bayansa don kawar da gajiya. A ganina wanda ya karanta wannan fasali sa'an nan ya zauna ya kalli hannun ungozoma, zai tarar ta san rabe-raben nan sarai, sunayensu ne kawai ba ta sani ba.

Maɗori gado yake yi, da tofinsa da sirrin gidansu, yana murza targaɗe, yana mai da gocewa, yana ɗaure karaya da tsagaggen kara. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1904 da ta 1906, waɗanda suka bar Ƙwanni a hannun Faransawa, Illela a hannun Ingilishi, ba su hana wanda ya faɗo daga raƙumi ƙetare iyaka zuwa gidan maɗorin da ya yi suna ba, har yau ma ba su hana ba. Sai dai wajibi ne a faɗi cewa ɗaurin da ya cika tsanani yakan tsai da jini gaɓa ta ruɓe, kuma likitocin ƙashi sun yanke hannuwan yara da dama saboda wannan sababi.

Tausar asibiti ta biyo wata hanya dabam. A Turai an tsara ta bisa ilmin sassan jiki tun bayan da Per Henrik Ling ya kafa makarantar motsa jiki a Stockholm a 1813, ta iso Nijeriya a 1945 ta hannun wasu Ingilishi biyu a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinta a 1966, Arewa kuwa asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, shi ya zama cibiyarta. Da Bahaushe ya ga ana ɗumama gaɓa da fitila ana murza ta, bai wahalar da kansa neman sabon suna ba, sai ya ce gashi ne, mai yin sa kuma likitan gashin ƙashi.

Wankan jego shi ne inda tsohon ilmi da sabo suka yi karo. A 1978 likitoci biyu na asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka bayyana halin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka ɗora zargi bisa gishirin kanwa da tsananin zafi; wani bincike a asibitin koyarwa na Sakkwato a 2007 ya sami cutar a kusan haihuwa ɗaya cikin 100. Amma nazarin da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, bai sami alaƙar cutar da wanka ko kunu ba, sai ya nuna rama da talauci da hawan jinin masu ciki. Tsofaffin Tozai ba su jira hukuncin kowane ɓangare ba. Tukunyar jego tana nan bisa murhu, ko da yake 'yan matan yanzu suna surka ruwan idan uwar miji ta ba da baya, wanzami kuma ya soma ajiye ƙahon saniya yana sayen kofunan roba masu famfo, kuma masu yi da su sun fi son a ce hijama suke yi.