Tarihin Cutar Harfis ta Al'aura: Daga Suna Zuwa Magani



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu bi sawun wata cuta wadda mutane da yawa suke ɗauke da ita, amma kaɗan ne suke ambaton ta. Likitoci suna kiran ta harfis. A wajenmu kuwa, kusan duk ciwon da ya shafi al'aura akan haɗa shi a ce ciwon sanyi, in ya yi tsanani a ce tunjere. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan ruɗani na suna tsohon abu ne a duniya, kuma sai da masana suka warware shi sannan aka kai ga magani.

Asalin kalmar daga Girkanci ne, ma'anarta kuwa abin da yake rarrafe. Tun zamanin Hifokiratis, wanda Larabawa suke kira Abuƙrat, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, likitocin Girka suna amfani da ita ga duk wani ƙurji da yake yaɗuwa a fata kamar mai tafiya. Malaman likitanci na Musulmi, irin su Ibn Sina, sun kira irin waɗannan ƙuraje da sunan namla, wato tururuwa, saboda dalilin nan guda. Sai dai sunan ya yi faɗi ƙwarai, ya haɗe cututtuka da dama waɗanda ba su da dangantaka da juna.

A shekarar 1736 ne wani likitan Faransa mai suna Jean Astruc, wanda ya yi wa Sarki Luwis na 15 aiki, ya wallafa littafi a kan cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ya bayyana ƙurajen nan na al'aura a cikinsa. Amma ba wanda ya san abin da yake haddasa su. Sai wajen 1920 masu bincike a Turai suka ɗebi ruwan ƙurji suka sa a idon zomo, cutar ta kama shi, aka tabbata cewa akwai wata ƙwayar cuta mai yaɗuwa, irin wadda ake kira bairus. Daga nan, a shekarun 1960, binciken Schneweis a Jamus da na Nahmias da Dowdle a Amurka ya nuna cewa ƙwayar iri biyu ce. Ta farko ita ce take fito da ƙuraje a leɓe, irin waɗanda muke gani bayan mutum ya yi zazzaɓi. Ta biyu kuwa ta fi zama a al'aura. Yau an san cewa ta farkon ma tana kama al'aura, in baki ya taɓa wurin.

To, yaya cutar take bayyana? Bayan kwana 2 zuwa 12 da ɗaukar ta, sai mutum ya ji ƙaiƙayi ko raɗaɗi a gabansa, ko a dubura, ko a cinya. Daga nan sai ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito a cunkushe, su fashe, su zama gyambo mai zafi. Sau da yawa akan yi zazzaɓi da ciwon jiki, kaluluwa ta fito a matsematsi, fitsari ya riƙa zafi, musamman ga mata. Wannan tashi na farko shi ne mafi tsanani, yana iya kai mako 2 zuwa 4 kafin ya warke.

Amma warkewar fata ba ita ce tafiyar cuta ba, kuma a nan ne ta daɗe tana yaudarar masu magani. Ƙwayar takan bi jijiya ta hau can gindin ƙashin baya ta kwanta, ta zauna har ƙarshen rayuwar mutum. Lokaci lokaci sai ta farka ta sauko, ƙuraje su sake fitowa a wuri guda, ko da yake ba su kai na farko zafi ko daɗewa ba, kuma sukan ragu da tafiyar shekaru. Da yake ƙurajen suna bushewa da kansu, duk abin da aka shafa ko aka sha sai a ce shi ya yi aiki. Haka aka yi ta yabon magunguna marasa amfani shekara da shekaru. Abu na biyu kuma, yawancin masu ɗauke da ita ba su taɓa ganin wata alama ba, ko kuma alamar ta yi sauƙin da ba su kula ba, alhali suna iya sa wa wani ko da fatarsu lafiya lau take.

Magani na gaskiya ya fito ne daga ɗakin binciken kamfanin Burroughs Wellcome. A 1974 Howard Schaeffer ya haɗa maganin da ake kira asaikulobir, Gertrude Elion da abokan aikinta kuma suka gano yadda yake aiki, suka bayyana a 1977. Hikimarsa ita ce, maganin yana shiga jiki a kwance, ba ya farkawa sai ya tarar da wani sinadari wanda ƙwayar cutar take ƙerawa da kanta. Wato ita take kunna abin da zai hana ta hayayyafa, sassan jiki masu lafiya kuwa ba abin da yake taɓa su sosai. An amince da shi a Amurka a 1982 a matsayin man shafawa, na haɗiya ya biyo baya a 1985. Elion ta sami kyautar Nobel a 1988 tare da George Hitchings da James Black. A tsakiyar shekarun 1990 aka sami ƙannensa biyu, famsaikulobir da balasaikulobir, waɗanda ba sai an sha su sau da yawa a rana ba.

Abin mamaki, a daidai lokacin da magani ya samu ne kunya ta ƙaru. A watan Agusta na 1982 mujallar Time ta Amurka ta sa cutar a bangonta, ta siffanta ta da tambarin abin kunya. Ciwon da a da likitoci suke ɗauka ƙaramin ciwon fata sai ya koma abin tsoro, har wasu suka riƙa ganin aure ya gagare su. Wannan tabo bai gushe ba har yau.

Ya kamata mu san iyakar maganin. Ba ya fitar da ƙwayar daga jijiya, sai dai yana gajarta ciwo, yana rage zafi. A tashin farko akan sha shi kwana 7 zuwa 10. In ta dawo, ya fi amfani a fara sha da zarar an ji ƙaiƙayin da yake gabatar ƙuraje. Wanda take yawan tasar masa, likita yakan ɗora shi a kan sha kullum, kuma binciken da aka wallafa a 2004 ya nuna cewa shan balasaikulobir kullum yana rage yaɗa ta ga abokin zama da kusan rabi. Kwaroron roba yana ragewa, haka ma ƙaurace wa saduwa muddin akwai ƙuraje. Allurar rigakafi kuwa ba a samu ba tukuna. Babban gwajin da aka ba da sakamakonsa a 2012 bai kare mata daga iri na biyu ba.

Wani zai ce, ciwon da ba ya kisa, ina dalilin damuwa da shi? Dalili uku ne. Na farko yawansa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mutum miliyan 846 masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da harfis na al'aura, wato fiye da mutum 1 cikin 5, kuma iri na biyu ya fi yawa a Afirka. Na biyu, iri na biyun yana ninka haɗarin kamuwa da ƙanjamau kusan sau 3. Na uku kuwa jarirai: in mace ta kamu a ƙarshen ciki, jariri yana iya ɗauka wajen haihuwa, cutar ta taɓa ƙwaƙwalwarsa ko ta kashe shi. Saboda haka akan ba mai ciki magani tun daga mako na 36, in kuma akwai ƙuraje ranar naƙuda a yi mata fiɗa.

A nan ne tarihin ya dawo kanmu. Wanda ya ga ƙurji ya ce sanyi ne, ya je kemis ya sayi kafso, ya yi asarar kuɗinsa, domin magungunan da suke kashe ƙwayar ciwon sanyi da ta tunjere ba su yin kome ga bairus. In kuwa tunjere ne ya zaci harfis, ya bar cutar da allurar fenisilin take warkarwa tana cin jikinsa a ɓoye. Ido kaɗai ba ya rarrabe su koyaushe, sai an gwada ruwan ƙurjin ko jini. Kada kuma miji ko mata su yi saurin zargin juna, tun da ƙwayar tana iya kwanciya shekaru kafin ta nuna kanta, har ma tun kafin aure.

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Daga Abuƙrat zuwa Elion an yi fiye da shekara 2,000 ana neman sunan da ya dace da maganin da ya dace. Yanzu duka biyun suna nan. Abin da ya rage mana shi ne mu je asibiti, mu faɗa wa likita gaskiya, mu kuma gaya wa abokin zama. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu dace.