Tukunya ɗaya ko tagwaye? Tarihin iskar da mai nutso ke goyawa (zare 🧵)

1/ Jama'a, duk sanda jirgin ruwa ya kife a Arewa, labari ɗaya muke ji: masu nutso na ci gaba da lalube. Haka aka yi a Bagwai ta Kano a 2021, haka a Patigi ta Kwara a 2023. Yawancinsu masunta ne, da iskar ƙirjinsu kaɗai suke shiga. Ku biyo ni.

2/ A Kawo nake zaune, kuma kogin da ya raba Kaduna gida biyu shi ne ke gangarawa ta Shiroro ya faɗa Neja daura da Patigi. Don haka maganar tamu ce. Shi ya sa na zauna na karanta tarihin tukunyar iskar nutso, da yadda ake zaɓen girmanta.

3/ Da can, mai nutso hular ƙarfe yake sawa, ana hura masa iska ta tiyo daga sama. Inda tiyo ya ƙare, nan tafiyarsa ta ƙare. A 1943 wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, suka haɗa na'urar da ke sakin iska sai lokacin da ka ja numfashi. Daga nan goya iska a baya ya yaɗu.

4/ Ba oksijin zalla ba ne a ciki fa. Iskar nan ce da muke shaƙa aka matse. Oksijin zalla, in aka wuce kamar mita 6, guba ne.

5/ Ga inda lissafi ya shigo. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa in matsi ya ƙaru, iska takan takure. Kowace mita 10 a ruwa tana ƙara matsi guda. A mita 30 matsin ya zama ninki huɗu, wato kowane numfashi yana cin iska ninki huɗu.

6/ Mu gwada. Tukunya mai lita 12 da aka cika zuwa bar 200 tana ɗauke da lita 2,400. Mu ce kana shaƙar lita 20 a minti a tudu. A mita 30 ya zama 80. Minti 30 tukunya ta ƙare tas. Tagwaye: lita 4,800, minti 60. In ka firgita ko kana kokawa da ruwa mai gudu, rage sosai.

7/ Amma ba don ƙarin lokaci kaɗai aka ƙirƙiro tagwaye ba. Masu nutson kogo a Florida ta Amurka sun yi ta mutuwa a shekarun 1960 da 1970. A 1979 Sheck Exley ya fitar da ƙaramin littafi da ya bi haɗurran, ya tsamo darussa. Ɗaya daga ciki: kasa iskarka kashi uku. Ɗaya na tafiya, ɗaya na dawowa, ɗaya na tsautsayi.

8/ Sannan aka riƙa haɗa tukwanen biyu da bututu mai bawul a tsakiya, kowacce da na'urar shaƙarta. Gefe ɗaya ya fara yoyo, ka rufe, ka tsira da ɗayan. Wannan shi ne ainihin amfanin tagwaye.

9/ To me zai hana a ɗauki mafi girma kawai? Nauyi. Tagwaye masu lita 12 na ƙarfe, in an cika su, sun haura kilo 30. Akwai masu lita 7, 10, 15, har 18. Ka ɗora wa siririn yaro masu 18 a kan kwale-kwale, ka ga aiki. Ga shi in ka daɗe a ƙasa, naitirojin na taruwa a jiki, dole ka tsattsaya kafin ka fito, tsayawar ma iska take ci.

10/ Misali a gida: Harrison Okene, kuku a jirgin Jascon-4 da ya nutse a tekun kusa da Escravos ranar 26 ga Mayu, 2013. Kimanin awa 60 ya yi a wani lungu da iska ta maƙale, mita 30 a ƙasa. Da aka gano shi ba a fito da shi kai tsaye ba, sai da ya yi kwanaki a ɗakin rage matsi. Daga baya shi ma ya zama mai nutso.

11/ Ko ƙwararre bai tsira ba in iska ta gaza. Saman Kunan, tsohon sojan ruwan Thailand, ya rasu a Yulin 2018 yana dawowa daga kai tukwanen iska cikin kogon da yaran ƙwallo suka maƙale.

12/ Saboda haka tambayoyi huɗu ne: zurfin nawa? Minti nawa? Lita nawa kake shaƙa? Za ka iya ɗauka? Amsarsu ce ke zaɓar tukunya. A ruwa mara zurfi, tukunya ɗaya da abokin nutso kan wadatar.

13/ Ra'ayina, in jihohinmu za su sayi kayan nan, horo ya zo gaba, kuma a fara da masunta, su suka san kogin. Amma a kula: gwanintarsu riƙe numfashi ce, alhali mai tukunya in ya riƙe numfashi yana tasowa, iska za ta kumbura ta yaga masa huhu. Kaya ba horo, kisa ne.

14/ Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci. In akwai mai nutso a unguwarku, ku tura masa zaren nan, ina son jin ta bakinsa.