Raƙumi da Akala

Duk wanda ya taɓa ganin ayarin Azbinawa ya iso Kano da gishirin Bilma, kowane raƙumi an ɗaura igiyarsa a jikin na gabansa, yaro guda yana jan su, ba zai buƙaci dogon sharhi kan wannan magana ba. Akala daga Larabci take, wato iƙali, igiyar da Larabawa kan dabaibaye raƙumi da ita, kuma malaman lugga sun ce tushensu ɗaya da kalmar da ta zamo mana hankali, domin shi ma hana mutum ɓarna yake. Saboda haka idan aka ce an mai da wane raƙumi da akala, zargi ne mai nauyi ƙwarai ga baligi mai hankali.